Lambun Gida a Lokacin Bazara

Shekara a ƙasar Hausa kashi huɗu ce, watau damina, da kaka, da rani, da bazara. Damina ita ce lokacin shuka da noma. Kaka lokacin girbi ce da ƙoshi. Da rani hunturu yake busawa, a yi sanyi, waɗansu su tafi lambu, waɗansu su kama sana'a. Bazara kuwa ita ce ke tsakanin wucewar sanyi da faɗuwar ruwa, daga wajen watan Maris zuwa ƙarshen Mayu. A cikin huɗun nan babu wadda ɗanyen ganye ya fi wuya a cikinta kamar bazara. Wannan darasi zai nuna yadda ake samun ɗanyen kayan miya a cikin gida a wannan lokaci, ko da filin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Ƙasar Batsari da Safana

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne guda biyu masu maƙwabtaka da juna a yammacin Jihar Katsina, jihar da aka yanko daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. Batsari ce daga arewa, Safana daga kudu. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruman Katsina, na Safana kuwa Yariman Katsina. Yamma da su akwai Dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Jihar Zamfara. Mutanen ƙasar Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya. Suna noma gero, da dawa, da masara, da wake, da gyaɗa, da rogo, da dankali.

Ruwan sama a wannan ƙasa bai cika wuce wata huɗu ko biyar ba. Yakan fara a Mayu ko Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai ƙasa ta yi ta bushewa. Kafin watan Afrilu rafuka sun zama rairayi, tafkuna sun ƙafe, rijiyoyi sun ja baya, sai an ƙara wa guga igiya. Da tsakar rana zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Guguwa tana tashi a fili, mangwaro yana nuna, itatuwa suna sabon tofo, manoma kuma suna sharar gona da kai taki.

A ƙasashen Turai, irin su Ingila da Faransa, watannin nan na Maris zuwa Mayu su ne lokacin da sanyi ke wucewa, ƙanƙara ta narke, ƙasa ta yi laushi. Nan ne kowa yake fita bayan ɗakinsa ya yi shuka, gama abin da yake jira shi ne ɗumi. Mai lambu a Batsari ko Safana kuwa ɗumi ya yi masa yawa, ruwa ne ya yi masa kaɗan. Saboda haka dabarar lambunsa duka a kan abu biyu take, watau tattalin ruwa da tsare shuka daga ƙunar rana.

Dalilin yin lambu a gida

Da rani masu lambu sukan shuka tumatir, da albasa, da latas, da kabeji, da karas a fadamu da bakin madatsun ruwa, kamar na Zobe kusa da Dutsin-Ma da na Jibiya. Waɗannan shuke-shuke sanyi suke so. Idan zafi ya shigo sai latas ya yi ɗaci, kabeji ya ƙi dunƙulewa, furen tumatir ya kakkaɓe tun bai zama 'ya'ya ba. Shi ya sa tumatir ke araha a Janairu da Fabrairu, sa'an nan ya yi tsada ƙwarai a Mayu da Yuni. A lokacin nan gidaje da yawa sukan koma ga miyar kuka da busasshiyar kuɓewa, yau da gobe, har ruwa ya sauka.

Busasshen kayan miya yana da amfani, amma jiki yana bukatar ɗanye. A cikin ganyen alayyafo da zogale akwai sinadarin da jiki ke mai da shi bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, watau yaro ya kasa gani da almuru. Akwai kuma sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. A cikin tattasai da ɗanyen ganye akwai bitamin C, wanda rashinsa ke sa dasashi ya riƙa zub da jini, miki kuma ya daɗe bai warke ba. Ƙananan yara da mata masu ciki ko masu goyo su ne suka fi bukatar waɗannan abubuwa.

Akwai wani dalili kuma. A shekarun 2019 da 2020 'yan fashin daji sun matsa wa ƙauyukan Batsari da Safana, har manoma da yawa suka kasa zuwa gonakinsu na nesa, waɗansu ma suka bar garuruwansu. A irin wannan hali, abin da ke tsire a cikin gida shi ne ake iya tsinka ba tare da an yi nisa ba. Mutanen Ingila ma sun ga irin wannan rana. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, abokan gaba sun riƙa nutsar da jiragen ruwan da ke kawo musu abinci. Sai gwamnatinsu ta umurci jama'a su kafce bayan gidajensu da filayen wasa su shuka kayan lambu, suka kuwa yi, abin ya rage musu yunwa. Hausawa sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Zaɓen wuri da yin shinge

Abu na farko shi ne zaɓen wuri. Kayan lambu suna son rana kamar ta awa shida a yini, amma ranar safe ta fi musu ranar la'asar. Wurin da ya fi kyau shi ne gabashin ɗaki ko gabashin katanga, gama a nan hantsi zai same su, idan rana ta karkata kuma inuwar bango ta rufe su. Kada a yi lambu a ƙarƙashin babban itace, don saiwoyinsa za su shanye ruwan, inuwarsa kuma ta sa shuka ta yi tsawo ba ƙwari. Kada a yi shi kusa da masai ko a bakin makwararar wanka, gama ƙazanta tana kawo cutar ciki. In da hali, wurin ya zama kusa da randa ko inda ake alwala.

Abu na biyu shi ne shinge, lalle kuwa a yi shi tun ba a shuka kome ba. Da bazara babu ɗanyar ciyawa ko'ina, saboda haka idon kowace akuya a unguwa yana kan lambun. Akuya guda tana iya cinye aikin wata guda kafin a gama sallar azahar. Ana yin danga da karan dawa, a kafa dirkoki masu ƙarfi, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba. A toshe gindin dangar da ƙaya ko tsohuwar zana don kaji, gama su ta ƙasa suke shiga, su tone iri su yi birgima a cikin danshi. A yi 'yar ƙofa mai maɗauri, kowa ya shiga ko ya fita ya ɗaure. Irin wannan ɗan kewayen lambu shi ake kira garka.

Gyaran ƙasa da taki

Yawancin ƙasar gidaje a wannan yanki rairayi ce, ruwa ba ya daɗewa a cikinta. Abin da ke gyara ta shi ne ruɓaɓɓen taki, domin yana ciyar da shuka, yana kuma riƙe danshi kamar yadda tsumma ke riƙe ruwa. Kashin awaki, da na tumaki, da na shanu, da na kaji duk suna yi, amma sai wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen taki, balle na kaji, yana da zafi, yana ƙona saiwa.

Mai son taki mai kyau sai ya haƙa rami tun da sanyi, zurfinsa kamu biyu. Ya riƙa zuba sharar turke, da busasshen ganye, da ɓawon kayan miya, da 'yar toka kaɗan, yana yayyafa ruwa, yana juyawa bayan kowane mako biyu. Cikin wata biyu ko uku sai ya tarar abin ya zama baƙi, mai laushi, ba wari. Amma fa a tsince leda, da fasasshen kwalba, da tsohon batir, gama waɗannan ba sa ruɓewa, batir kuma guba ne ga ƙasa.

Idan taki ya samu sai a kafce ƙasa da fartanya ko garma, zurfin taƙi guda ko fiye, a farfasa hoge, a tsince tsakuwa. Sa'an nan a ja fangali, wanda waɗansu ke kira komi. Tsawonsa ya zama mita 2, faɗinsa mita 1, watau kamar kamu huɗu da kamu biyu. An zaɓi wannan faɗi ne don hannu ya iya kaiwa tsakiya ba sai an taka ciki ba. A zuba taki kamar bokiti ɗaya ko biyu, a cuɗa shi da ƙasa sarai, a ba shi ruwa kwana biyu ko uku kafin a yi shuka.

A nan akwai abin lura. Fangalin bazara cikinsa yakan ɗan faɗa ƙasa, a tayar masa da baki a kewaye kamar bakin tire, don ruwan da aka zuba ya tsaya ya nutse a wurin. Da damina kuwa akasin haka ake yi, a tada kunya don ruwa ya tsiyaye. Wanda ya yi kunya da bazara ya yi asarar ruwa, wanda ya bar rami da damina ya ruɓar da saiwa.

Abin da ya kamata a shuka

Ba kowane iri ke jure wa bazara ba. Mai hankali yakan zaɓi waɗanda suka saba da zafi, masu saurin isa.

Alayyafo shi ne na farko. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka sai a gauraya cokali guda na iri da ƙoƙo guda na busasshen rairayi, a barbaɗa a fangali, a rufe da 'yar ƙasa kaɗan. Yakan tsiro cikin kwana huɗu ko biyar. Bayan mako huɗu ko biyar ya isa ci. Idan an yanke shi daga sama aka bar gindin, sai ya sake tofo, a yi ta yanka har sau uku ko huɗu. In ana son kada ya yanke a gida, sai a shuka rabin fangali yau, rabi kuma bayan mako biyu.

Kuɓewa tana son zafi, in dai ta sami ruwa. A jiƙa irinta a kwana, da safe a shuka ƙwaya biyu ko uku a rami, zurfin gaɓar yatsa guda, tsakanin rami da rami taƙi biyu. Idan sun tsiro sai a bar wadda ta fi ƙarfi. Wajen wata biyu take fara 'ya'ya. A riƙa tsinka bayan kowane kwana biyu tun suna da taushi, gama idan aka bar su suka ƙosa sai uwar ta rage haihuwa.

Rama da yakuwa su ma masu juriya ne. Ana shuka su kamar kuɓewa, a fara tsinkar ganyensu bayan wata guda da 'yan kwanaki. Da rama ake kwaɗo, yakuwa kuma ita ce ke ba fate da miyar taushe tsami. Lalo ma yana yi, ga shi ba ya cin wuri.

Zogale kuwa itace ne, amma ba lambun gida da ya kamata ya rasa shi. Ana shuka ƙwayarsa ko a dasa reshensa a jikin danga. Idan ya kai ƙirjin mutum sai a datse kansa, don ya yi rassa ta gefe, yara su iya tsinka. Da zarar ya kama ƙasa ba ya bukatar ruwa da yawa.

Tumatir, da tattasai, da barkono, da gauta kuwa, bazara lokacin renon irinsu ce. Ana yafa irin a ɗan fangali ko a tsohon daro mai huji, a yi masa 'yar rumfa da kara, a riƙa yayyafa masa ruwa a hankali. Tumatir yakan isa dashe bayan mako huɗu ko biyar, tattasai da barkono bayan kamar mako shida. Wanda ya yi renon iri a watan Mayu, idan ruwa ya zauna a Yuni ko farkon Yuli sai ya kwashi dashensa ya kai gona, ya riga maƙwabtansa samun 'ya'ya. Da yamma ake yin dashe, don tsiron ya sami sanyin dare ya farfaɗo.

Waɗannan shuke-shuke ba wuri ɗaya suka fito ba. Kuɓewa da gauta 'yan Afirka ne tun asali. Tumatir, da tattasai, da barkono daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolombus ta shekarar 1492. Zogale kuma asalinsa ƙasar Indiya ne. Ga shi yau duk sun haɗu a tukunyar miya guda.

Wanda ba shi da fili ko kaɗan, kada ya ce ya rasa. Tsohon buhu, ko fasasshen bokiti, ko tukunyar da ta tsage, duk ana cika su da ƙasa da taki a shuka. A huda gindinsu don ruwa ya riƙa fita. Buhu guda yana ɗaukar gindin kuɓewa ɗaya ko biyu.

Ban ruwa

Ban ruwa shi ne babban aikin lambun bazara. A nan ne mai lambu ke cin nasara ko ya fāɗi. A tsakiyar zafi, fangali mai mita 2 da mita 1 yakan so kamar bokiti guda da safe, guda da yamma, watau wajen lita 20 a yini. Tilas mutum ya yi wannan lissafi tun bai ja fangali ba. Ya dubi ruwan da gidansu ke samu, ya cire na sha da na girki da na dabbobi, sa'an nan ya ga abin da ya rage. Abin da ya rage ɗin nan shi ne zai faɗa masa girman lambunsa.

Da sassafe ake ban ruwa, da kuma bayan la'asar. Ruwan da aka zuba da tsakar rana, rana ce ke shanye yawancinsa. Kada a kwara ruwa da ƙarfi a kan sabon tsiro, don zai tone iri ya kwantar da shuka. A sami gwangwani a huhhuda gindinsa da ƙusa, a riƙa zubawa ta ciki, sai ya sauka kamar yayyafi. A zuba har ya shiga ƙasa sosai. Idan sama kaɗai aka jiƙa, saiwoyi ba za su nutsa ba, ranar da aka yi fashi kuwa sai shukar ta yi yaushi. Mai shakka ya tura yatsansa cikin ƙasa, in ya ji danshi har gaɓa ta biyu, to, ruwan ya isa.

A kowane gida akwai ruwan da ake zubarwa a banza. Ruwan alwala, da ruwan wanke shinkafa, da na wanke kayan miya, duk suna da kyau ga shuka. Idan aka ajiye daro a wurin alwala, abin da za a tara daga asuba zuwa lisha zai ba mutum mamaki. Amma ruwan wanki mai sabulu da yawa, da ruwa mai gishiri ko mai maiƙo, ba su da kyau. Duk ruwan da aka tara kuma a yi amfani da shi a ranar, ko a rufe shi, don kada sauro ya hayayyafa a ciki.

Akwai dabaru uku na rage shan ruwa. Ta farko ita ce rufe ƙasa. Idan shuka ta ɗan tasa, sai a shimfiɗa ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, ko busasshiyar ciyawa a tsakaninta, don rana ta daina dukan ƙasar kai tsaye. A bar 'yar tazara a gindin shuka saboda gara. Ta biyu ita ce rumfa. A kafa 'yan sanduna, a jera kara a sama jefi-jefi, yadda haske zai shiga amma ƙunar ta ragu. Ta uku ita ce binne tulu. A sami tulun ƙasa, a binne shi a tsakiyar fangali har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa da faifai ko ƙoƙo. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwoyi su kewaye shi suna sha, sai bayan 'yan kwanaki a sake cikawa.

Ƙananan yara kada su je bakin rijiya su kaɗai. Jan ruwa aikin manya ne, na yara shi ne ɗauka da zubawa.

Abokan gaban lambu

Bayan awaki da kaji, akwai fara, da tsutsa, da ƙananan ƙwari masu manne wa bayan ganye suna tsotse shi har ya nannaɗe. Ƙadangaru ma sukan tsinke sabon tsiro. Maganin farko shi ne ido. Mai lambu ya riƙa juya ganye kowace safiya, in ya ga tsutsa ya cire, in ya ga ganye mai cuta ya tsinke ya ƙone. Toka da aka barbaɗa a kan ganye da sauran raɓa tana rage ƙwari. Haka kuma itacen bedi, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko dogon yaro. Ana daka 'ya'yansa ko ganyensa, a jiƙa a kwana, a tace, a yayyafa wa shuka da yamma.

Kada a raina ƙaramin ƙwaro. A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganye, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta lalata tumatir a jihohin Kano, da Kaduna, da Katsina, da Jigawa, har tumatir ya gagari talaka saye. Maganin feshi na kanti kuwa guba ne. Manya kaɗai ke taɓa shi, su bi abin da aka rubuta a jikinsa, ko su tambayi malamin gona. Kowane ganye aka tsinko, a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a dafa.

Ciyawa ma abokiyar gaba ce, gama tana raba ruwa da taki da shuka. A cire ta da hannu tun tana ƙarama.

Wa da ƙane

Ga wani misali. Waɗansu yara biyu, wa da ƙane, a wani ƙauye kusa da Runka, suka roƙi mahaifinsu fili a bayan ɗaki. Ya ba su, ya ce kowa ya ja abin da zai iya. Wan ya ja fangali goma, ya ce danga sai daga baya. Ƙanen ya ja biyu kaɗai, ya kewaye su da kara, ya binne tsohon tulu.

Wan ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Wannan ai ko miyar dare ɗaya ba za ta yi ba."

Ƙanen ya ce, "Yaya, ni dai bokiti huɗu nake iya ɗauka a yini."

Mako na farko wan ya yi ƙoƙari, yana ɗauko bokiti ashirin kullum, har yana makara zuwa makaranta. Mako na biyu rijiya ta ƙara ja baya, sai ya koma yayyafa wa kowane fangali ɗan kaɗan. Shukar ta yi ja, ta tsumbure. Ran nan kuma awaki suka biyo, suka ƙarasa abin da rana ta bari. Ƙanen kuwa, da mako na biyar ya cika, ya yanko alayyafo cike da faifai ya kai wa mahaifiyarsu.

Wan ya je wurin mahaifinsu ransa a ɓace, ya ce, "Baba, na fi shi wahala, ya fi ni samu."

Mahaifin ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. Kai ƙasa ka auna, shi kuwa ruwa ya auna. Je ka ku haɗa hannu, ka taya shi ɗauka, ku ƙara fangali ɗaya."

Haka suka yi. Kafin ruwan farko ya sauka suna da alayyafo, da rama, da kuɓewa, har suna aika wa maƙwabta, ga kuma dashen barkono yana jiran damina.

Idan damina ta kusa

Idan aka ga shamuwa ta dawo tana sheƙa a kan itatuwan gari, hadari kuma ya fara haɗuwa daga gabas, to, bazara ta zo ƙarshe. Sai a ƙarfafa danga saboda iska, a cire rumfa, a fasa bakin fangali don ruwa ya sami mafita. A zaɓi gindin alayyafo da na kuɓewa mafi kyau, a bar su su ƙosa. Idan sun bushe a cire irin, a gauraya da toka, a zuba a kwalba ko ɗan gora, a toshe, a ajiye a wuri mai sanyi. Wanda ya yi haka ba zai sayi iri baɗi ba.

Lambun gida ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kara da taki da toka duk suna nan a gida. Abin da yake nema shi ne a zo masa kullum, safe da yamma, ba fashi. Yaron da ya iya riƙe fangali biyu daga Maris zuwa Mayu ya taimaki gidansu a lokacin da miya ta fi wuya, ya kuma koyi aikin da zai amfane shi idan ya girma ya sami gona tasa.

Tambayoyi

1. Waɗanne watanni ne bazara, mene ne kuma alamunta?
2. Don me tumatir yake tsada a watannin Mayu da Yuni?
3. Wane gefen ɗaki ne ya fi dacewa da lambu, don me?
4. Mene ne bambancin fangalin bazara da kunyar damina?
5. Idan fangali ɗaya yana shan lita 20 a yini, lita nawa fangali uku za su sha a mako guda?
6. Mece ce ma'anar maganar mahaifin nan da ya ce, "Kai ƙasa ka auna, shi kuwa ruwa ya auna"?

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya sami gwangwani biyu masu girma ɗaya, ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa, ya zuba musu ruwa daidai wa daida. Ya rufe bakin ɗaya da ƙaiƙayi, ya bar ɗaya a buɗe, ya ajiye su a rana. Bayan kwana biyu ya tura yatsa cikin kowanne, ya rubuta abin da ya samu a littafinsa.